Ranar da Syombua Mai Shayi Ta Tsare Manaja

Shekara ashirin da shida Syombua ta yi tana dafa shayi a babban ofishin wani kamfanin man girki a Nairobi. Karatunta bai wuce firamare ba, amma duk ginin babu wanda ba ta san halinsa ba, har mai shan sukari a ɓoye bayan likita ya hana shi. Da kamfanin ya raba wa ma'aikata hannun jari, ita ma ta samu nata. Ita ce kuma ta shawo kanmu, mu matan adashinta goma sha ɗaya, muka zuba ɗan abin da muka tara a can.

Wata Laraba jarida ta buga cewa babban manajan, Mista Wanyonyi, ya sayar da hannun jarinsa na miliyoyin shilin. Kafin rana ta take, farashi ya fara zamewa. Yamma na yi muka cika ɗakin Syombua.

"Mai gida na fitar da kayansa ta ƙofar baya, ke kina can kina zuba masa madara!" in ji Kerubo mai kifi. "Gobe mu sayar, kafin a bar mu da takarda."

"Ku ba ni kwana ɗaya," Syombua ta ce. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Washegari ta kai wa manajan shayi. Ta ajiye, ta ƙi fita.

"Lafiya, Mama Syombua?"

"Ranka ya daɗe, mata goma sha ɗaya ke zagina. Gudu kake shirin yi?"

Ya cire tabarau ya dube ta, sannan ya nuna mata kujera. Tunda take ba ta taɓa zama a ofishin nan ba.

"Doka ta hana ni ce miki ki sayar ko ki riƙe," ya ce. "Amma abin da kowa zai iya karantawa, zan nuna miki."

Ya buɗe sanarwar da kamfanin ya fitar kan cinikin. Kashi ɗaya cikin goma ya sayar, taran na nan, kuma cikin sauran daraktocin babu wanda ya taɓa nasa.

"Dalilin kuwa na gida ne. Ƙannena sun sa gonar babanmu ta Bungoma a kasuwa, ga kabarin uwarmu a ciki. Ni na saye ta."

Syombua ta koma kicin ta zauna a kan buhun sukari, ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan dariya ta kama ta.

Da ta kawo mana bayani, Kerubo ta ce ita dai a cire mata nata, ba mu hana ta ba. Farashi ya yi mako uku yana tangal-tangal, ya dawo inda yake.

Bara Syombua ta ajiye aiki, ta koma Machakos tana kiwon awaki. Nata hannun jarin na nan. Ta ce ba za ta sayar ba sai jikarta ta shiga jami'a.