Mai Ɗinkin da Ta Tara Iyayen Kurame

A layinsu kowa da Mai Ɗinki ya san ta. Shagonta ɗan ƙarami ne, keke biyu da teburin yanka, sai madubi mai tsaga a jikin bango. Mace ce mai surutu. In ta ɗora ƙafa a kan keke, baki ma ya kama aiki, har masu kawo ɗinki kan ce tsakaninta da rediyon shagon ba a san wanda zai fara gajiya ba. Sai Allah Ya ba ta 'yar auta wadda ba ta ji.

Zazzaɓi ne ya kama yarinyar tun tana rarrafe, ya tafi da jinta. Auta ta taso da wayo kamar me, amma tsakaninta da uwarta sai nuni da yatsa da jan zane. In tana son abu aka kasa ganewa, sai ta kwanta tana birgima cikin ƙyallaye, uwar na tsaye da almakashi ta rasa ta inda za ta ɓullo mata. Da aka sa ta makarantar kurame ta fara dawowa da maganar hannu, yatsu na ta wasa a iska, tana ba da labarin da babu mai fahimta a gidan. Wannan ne ya fi ci wa Mai Ɗinki rai, ga 'yarta ta samu baki amma ita ta zama kurmar.

Sai ta koma kan waya. Tsakanin ɗinki da ɗinki take neman bidiyon maganar hannu, ta kuwa samu har ta rasa na ɗauka. Ta haddace alamar ruwa, ta jira Auta ta dawo ta yi mata. Yarinyar ta kalle ta, ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Washegari malamar ajinsu ta warware mata cewa kusan kowace ƙasa da irin maganar hannunta, wadda ta kwaso ta wasu mutane ce can nesa.

Daga nan ta fara tacewa. Duk bidiyon da ta samu sai ta nuna wa Auta. In yarinyar ta gyaɗa kai a ajiye, in ta yatsine fuska a goge. Wanda suka yi shakka a kansa, malama ce ke raba gardama.

A ƙofar makaranta, wajen jiran tashin yara, wasu iyaye mata suka ga tana hira da 'yarta da hannu, suka roƙe ta ta riƙa turo musu bidiyon da take koyo da su. Ta buɗe musu zaure a waya, ta shiga zuba musu bidiyo kamar ruwan sama. Ba a jima ba zauren ya yi tsit. Wata mai sayar da kayan miya ce ta gaya mata gaskiya, ta ce wayarta ta cika har ba ta buɗuwa, kuma datarta ta ƙare ba ta koyi komai ba.

Mai Ɗinki ta ji zafin maganar, amma ta ɗauka. Ta koma guda ɗaya kullum da safe, gajere, ta bi shi da muryarta tana bayani saboda waɗanda ba su iya karatu ba, ta kuma faɗi wanda ya yi bidiyon don kada ta ci gumin wani. Ƙarshen mako sai ta canja salo, ta samo labarin wani kurma kafinta ko wata kurma da ta gama jami'a. Ta kafa doka cewa ba talla, ba masu maganin buɗe kunne. Wadda dokar ta fara hawa kanta yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, da ta shigo da tallar zannuwan gado. Ta cire ta, yaya ta yi fushi ta daina gaishe ta, sai da aka ɗinka mata riga kyauta aka shirya.

Abin da ya tada zauren shi ne wata tambaya da ta jefa wata safiya: wace magana kuka fi so ku gaya wa 'ya'yanku? Amsoshi suka yi ta shigowa har ta kashe keke ta zauna. Wata tana son ta ce kada ka tsallaka titi, wata tana son ta tambayi ina ke ciwo. Da waɗannan amsoshin ta riƙa zaɓen abin da za ta turo, mutane kuwa suka fara ɗaukar kansu a bidiyo suna gwadawa, ana gyara wa juna, ana dariya. Wannan ta gaya wa waccan, zaure ya cika aka buɗe wani, ta ƙara da buɗe shafi a intanet. Masu yin bidiyon da kansu suka fara aiko mata da sababbi suna neman ta duba.

Maza sun fi nauyin baki a zauren. Sai ga saƙon murya daga wani bakanike, ana jin ƙarar guduma a bayansa.

"Baiwar Allah, ban taɓa magana a nan ba, amma kullum ina kallo," in ji shi. "Yarona ya kai ya kama sifana, ban taɓa ce masa komai ba sai tsawa da ido. Jiya na yaba masa, na ce masa ya yi ƙoƙari. Da hannuna na faɗa, ya kuma gane."

Mai Ɗinki ta saurara, ta sake saurara, ta goge ido da ƙyallen da ke hannunta. Sai ta nemi izininsa ta sa saƙon a shafi. A makon nan iyaye maza suka yi ta shigowa.

Da shugabar makaranta ta ga haka, ta ba su farfajiya su haɗu ido da ido. Benci ya ƙare aka kawo tabarmi, wasu daga garuruwa masu nisa suka zo. Aka miƙa wa Mai Ɗinki makirfo, ta riƙe shi jim kaɗan, sai ta ba malama ta ce ta fassara wa masu ji, ita da hannu za ta yi jawabinta. Ta yi shi tiryan-tiryan, ta yi kuskure sau ɗaya yara suka kwashe da dariya, ita ma ta taya su. Da ta gama, farfajiyar gaba ɗaya ta ɗaga hannu sama tana kaɗawa, tafin kurame ke nan.

Kafin a watse iyaye suka tsayar da shawara za a riƙa haɗuwa duk wata, bakaniken nan ya ce benci da rumfa a bar masa.