Injin da Nake Kayarwa da Hannuna

Ni ɗan baduku ne daga Birni, a nan Damagaram. Mahaifina bai taɓa cin abin wani ba, ni ma haka na tashi. Na kai aji na ƙarshe a lise, wato sakandare, ban samu jarrabawa ba, sai na shiga wani sibar, shagon intanet, a Zango ina koyon gyaran ordinatar, wato kwamfuta. Hannuna ya faɗa da wuri, har aka fara kirana biro-biro, wato ofis-ofis.

Cikin masu kirana akwai wata ƙungiya mai raba hatsi a ƙauyuka. Shugaban biron, Malam Isufu, dattijo ne mai haƙuri da bai san komai game da inji ba. Suna da wani tsohon ordinatar a ƙuryar ɗaki, wanda duk sauran suka dogara da shi. A cikinsa akwai manhajar da ke juya sunan adireshi zuwa lamba. In ta tsaya, waya lafiya, wutar kuran lafiya, amma babu saƙon da zai san hanyar fita.

Wata rana ina karance-karance a sibar na ci karo da sanarwa cewa tsohon samfurin manhajar nan yana da rauni. In aka aika mata wata karkatacciyar tambaya daga nesa, sai ta faɗi. A ƙasan sanarwar an rubuta maganin: a sa sabon samfuri, kyauta ne, aikin rabin sa'a. Na san irin wadda ke injin Malam Isufu. Abin da ya kamata in hau babur in je in gaya masa. Sai na ce bari in gwada tukuna, in ga ko gaskiya ne.

Na aika tambayar. Ban gama shan shayina ba wayata ta yi ƙara, Malam Isufu ne. Na je, na tayar da manhajar cikin minti biyar, amma na zauna gaban injin sa'a guda ina yamutsa fuska. Malam Isufu ya sallame ni, ya raka ni har bakin ƙofa yana sa mini albarka.

Daga nan na mayar da abin sana'a. Bayan sati biyu ko uku sai in kayar, a kira ni, in tayar. Na samu wasu birori biyu masu tsofaffin injuna na haɗa da su. Ba abin da ake ba ni kaɗai ya riƙe ni ba. Ina jin daɗin yadda manyan mutane masu digiri ke tsaye a kaina suna jiran in ɗaga kai. Sau ɗaya Malam Isufu ya tambaye ni ko babu maganin da zai raba su da wannan wahala. Na dube shi na ce inji ya tsufa, sai dai lallaɓawa.

Shekarar nan damina ta yanke tun gero bai yi ido ba. Mutanen ƙauye suka cika gari, mata na neman wankau da daka ƙofa-ƙofa. Ina ganinsu a hanya, ban taɓa haɗa yunwarsu da abin da nake yi ba.

Wata Alhamis da hantsi na sake aika tambayar. Ban san ranar ce ta ƙarshe da za su tura jerin ƙauyukan wajen Tirmini zuwa Yamai ba, domin a sa su cikin rabon da za a loda wa kamyo, manyan motocin kaya. Da abin ya tsaya, wani ma'aikaci ya rikice ya yi ta kashe injin yana kunnawa daga bango. Kafin in iso, tsohon faifan da ke cikinsa ya mutu, jerin kuma yana ciki. Wannan karon yamutsa fuskata ta gaske ce. Kwana uku suka yi suna sake haɗa sunaye daga takardu. Kafin su tura, kamyo sun tafi wasu wurare, aka ce ƙauyukan su jira zagaye na gaba.

Ƙungiyar ta aiko wata injiniya daga Yamai, Madam Rakiya. Ta ceto abin da ya cetu daga faifan, ta ga duk faɗuwar da aka yi daga wuri ɗaya tambayar ke zuwa, sibar ɗinmu, kuma kullum ni ake kira. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka san akwai gyaran?" Na ce na sani. Ta ce tun yaushe. Na ce tun ranar farko. Ta rufe littafinta, da la'asar jandarmomi suka zo.

Shekara biyu na yi a kaso. Mahaifina bai zo ba ko sau ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda ya zo shi ne Malam Isufu, an riga an sauke shi daga aiki. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce ya zaga ƙauyukan da kansa bayan hatsin ya isa, ya tarar wasu gidaje an toshe ƙofa da ƙaya an tafi, an kuma nuna masa ƙananan kaburbura.

Ya ce, "Ɗana, ba zan ce kai ka kashe su ba. Amma na duba, ban samu yadda zan ce ba kai ba ne."

Yanzu ina gyaran wayoyi a rumfa a bakin kasuwa. Babu biron da ke bari in taɓa injinsa. Na tuba, ina roƙon Allah gafara, amma mutanen da ya kamata in roƙa ban san sunayensu ba, ban san inda suka koma ba. Na gaji da wannan tunani, shi kuma bai gaji da ni ba.

Ku samari da ƴan mata da Allah ya buɗe wa kai a harkar inji, za ku riƙa ganin raunin da masu shi ba su gani. Ranar da kuka gani, ku tashi ku faɗa, ku gyara, ko ba a ba ku komai ba. Kada ku ce bari in gwada. Kuna zaune kan kujera kuna danna maɓalli, ba za ku ga wanda ke jiran abinci a ɗaya ƙarshen wayar ba. Yana nan, kuma ba zai jira ku gama wasa ba.