Kunnen Usta Shahata

Duk wanda ya zauna a Bahari, unguwarmu ta bakin teku a Iskandariyya ta Masar, ya san gishiri ba ya barin ƙarfe ya tsufa da mutunci. Bututun ruwa yana cikin bango tsatsa na cin sa shiru, sai wata safiya ka ga silin ya yi tabo, fenti yana ɓarewa. Daga nan sai rigima. Na ƙasa ya ce na sama ne ya jiƙa shi, na sama ya rantse bayinsa a bushe yake, laimar teku ce kawai. Shekara arba'in mutum ɗaya ne mai raba irin wannan gardama, Usta Shahata mai gyaran famfo, usta kuwa a wajenmu shi ne gwanin sana'a.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ga saurin fushi in an taɓa masa kayan aiki. Masu gyaran famfo sun yi yawa a garin nan, amma yawancinsu da guduma suke neman yoyo, su yi wa bango kaca-kaca kafin su same shi. Shi da kunne yake nema. Yana da wata sandar ƙarfe mai kan katako. In ya shiga gida sai ya sa a rufe kowane famfo, a kashe firij da rediyo, a kori masu surutu zuwa matakala. Ya kafa bakin sandar a ƙasa ko a bango, ya manna kunnensa a katakon, ya lumshe ido. Ruwan da ke tsiyaya ta hudar da ba ta kai ta allura ba yana da ɗan sautinsa, shi kuwa yana jin sa. Sai ya zaro alli ya zagaye tayil guda, ya ce, "Nan." Tayil ɗaya yake fasawa, ba ya ƙarawa, kuma da wannan aka san shi har unguwannin da bai taɓa takawa ba.

Da kunnen nan ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya kai mahaifiyarsa Makka. Ya kuma yi alfahari da shi fiye da yadda ya kamata, wannan ba sai an ɓoye ba. Da samari suka fara yawo da na'urar neman yoyo mai waya da allo, a gidan shayi ya ce, "Mutum ya je ya sayo kunne a kanti, wai shi ma usta ne!"

Yana da shekara sittin da uku abin ya fara. Ƙarar guduma da injin yankan tayil ba su tafi a banza ba. Matarsa Nagat ce ta fara ganewa, don sai ta kira shi sau uku daga kicin, da lakabinsa na uban 'yarsu Samah.

"Abu Samah, waken nan ya huce fa. Ko sai na aiko maka da wasiƙa?"

"Ke ce kike magana ciki-ciki kamar mai gulma."

"Ni? Ni da maƙwabta ke roƙo in rage murya? Ka je asibiti su sa maka ɗan abin nan na kunne."

"In sa abin kurame in shiga gidan mutane da sanda? Wa zai ƙara kira na?"

Ta san tsoro ne ke magana. Shekara biyu yana rufa wa kansa asiri. Ya san gidajen Bahari kamar tafin hannunsa, ya san inda magina na da suke bi da bututu da inda gwiwar bututu take fara ruɓewa. Sai ya kafa sanda, ya lumshe ido, ba ya jin komai sai wani zuuu na cikin kansa, ya zagaye inda sani ya nuna masa. Allah yana rufa asiri, yana dacewa. Amma duk ranar da ya ɗaga guduma gabansa faɗuwa yake yi.

Ana cikin ruwan hunturu, don a garinmu da sanyi ake ruwan sama, Ummu Ra'uf ta aiko. Tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a hawa na uku na wani tsohon bene, ruwa kuma yana ɗiga daga kicin ɗinta zuwa ɗakin Ustaz Milad, malamin makaranta da ke zaune a ƙasanta. Daɓen kicin ɗin tayil ne na da, na siminti mai zanen shuɗin fure, irin wanda aka daina bugawa tun muna yara. Mijinta marigayi ne ya shimfiɗa shi da hannunsa satin da za ta tare.

"Usta, ɗan ƙanwata ya ce zai turo masu na'ura, na ce a'a. Ban san su ba. Kai na sani, ɗaya za ka fasa. Ɗayan ma na yi kukansa tun jiya na gama."

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. A kashe min firij."

Ta kashe. Ya durƙusa, ya kafa sanda. Matsalar ita ce marigayin ba magini ba ne, ma'aikacin tashar jirgin ruwa ne da ya ja bututunsa yadda ya ga dama, don haka sanin Usta Shahata bai da amfani a wannan kicin. Ya bi daɓen layi-layi, ya dawo, ya sake bi. Babu abin da ya ji. A nan ya kamata ya miƙe ya ce, Hajiya, kira masu na'ura. Maganar ta zo har bakinsa, ya tuna gidan shayi, ya haɗiye ta. Ya zagaye tayil ɗin da ke gindin wurin wanke-wanke.

"Yanzu da gidan ya yi tsit na ji shi sarai," in ji shi, bai ko waiwaya ba.

Ya fasa. Yashin ƙasa a bushe. Zufa ta karyo masa cikin sanyin nan. Ya ce a ransa kusa ne, ya fasa na gefensa. A bushe. Ya matsa wajen ƙofa ya fasa na uku, furen ya rabe gida huɗu, nan ma ko danshi babu.

Sai ya ji ɗumi a ƙeyarsa, ya juya. Butar shayi ce a kan wuta, taku biyu daga inda yake, irin mai fito in ta tafasa. Tururi na fita ta bakinta da ƙarfi, murfin na rawa, ruwan ya kusa ƙonewa. Ummu Ra'uf ta ɗora masa shayi ne tun shigowarsa. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba.

"Tun yaushe take fito?" ya tambaya.

Ta matso kusa da kunnensa ta ɗaga murya. "Tun kafin ka ce gidan ya yi tsit."

"Me ya hana ki tsayar da ni, Hajiya?"

"Kunya ta kama ni, Usta. Ta yaya zan ce wa mutum kamarka ba ka ji? Na ce ko Allah zai sa ka dace."

Ya zauna daɓas a ƙasa tsakanin ramukan nan uku. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar da ya binne mahaifiyarsa. Shi da kansa ya sauka ya roƙi Ustaz Milad ya buga wa masu na'ura waya. Suka zo, cikin minti goma suka sami yoyon a bango, bayan firij, inda ba sai an taɓa daɓen ba sam.

Bai ƙara shiga gidan kowa neman yoyo ba. Ya koma canza kan famfo da gyaran tankin bayi, ya sa abin kunnen da Nagat ta daɗe tana faɗa. Ramukan ya cike su da siminti, ya yi wa tsohuwar alkawari zai nemo irin tayil ɗin. Duk inda aka ce ana rushe tsohon gida a Iskandariyya sai ka gan shi can da guntun fure a aljihu, yana tonon ɓaraguzai. Cikin shekara guda ya samo biyu, ya je ya dasa su. Ta ce ya isa haka, ta yafe tun ranar. Ya ce saura ɗaya.

Na ukun ya ci masa shekara uku. Ya same shi a wani kango can gabashin gari, ya wanke shi, ya naɗe a jarida, ya hawo motar haya yana riƙe da shi a ƙirji. A ƙofar benen ya tarar da tulin ɓaraguzai, shuɗin fure ko'ina a farfashe, leburori na watso wasu ta taga. Ustaz Milad ya fito ya kama hannunsa, ya yi magana a hankali yadda ake faɗin irin wannan labari. Usta Shahata bai ji ba. Sai da malamin ya maimaita da ƙarfi, har masu wucewa suka juyo, cewa Hajiya ta rasu wata biyu da suka wuce, magada sun sayar da gidan.

"Allah Ya jiƙanta," in ji Usta Shahata. Sannan ya tambaya ko za a bar shi ya hau ya dasa, ko na yini ɗaya ne. Malamin ya ce babu sauran daɓen da za a dasa a ciki.