Jar Laka a Kan Motar Baba

Mahaifina direba ne. Ya tuƙa motocin wani ofis a nan Tasawa tun ba a haife ni ba, da ya ajiye aiki kuma ya sayi tasa, baƙa wuluk. Ta hannu ce, amma riƙon jaririya yake mata. Duk unguwarmu an san idon Baba a kan motar nan. Yana kan tabarma zai hango sawun kaza a kan kafo, wato murfin inji, ya tashi ya tafi neman mai kazar.

Ni ce babbar ɗiyarsa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa Uwata yake ce mini. Ina koyarwa a lakkol, wato makarantar boko, na yi aure, na haihu, na yi permi, wato lasisin tuƙi, da gumina, amma ko sau ɗaya Baba bai taɓa bari na ja motarsa ba. In na ce ya bar ni in kai Inna likita da ita, sai ya ce, "Uwata, bari dai, zan kai ta." Abin yana ci mini rai ƙwarai da gaske. Ba motar ce ta dame ni ba. So nake rana ɗaya mutumin nan ya yarda cewa hannuna ba na ɓarna ba ne.

Wata damina aka yi mana rasuwa a wani ƙauye gaba da Mayahi. Baba ya ce hanyar yashi gare ta, ba zai wahalar da motarsa ba, motar haya zai shiga. Da zai fita ya kira ni ya sa mini makulli a tafin hannu.

"Ki riƙa tada ta da safe ta yi ɗumi," in ji shi. "Tada ta na ce, Uwata."

Na ce na ji. Har cikin raina na ji daɗi, ina babbar mace da ƴaƴa ina murna an ba ni ajiyar makulli.

Bayan tafiyarsa aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, ginshiƙin rumfar da motar ke kwana a ƙarƙashinta ya karkace. Na dube shi na ga ko akuya ta goga jikinta rumfar za ta zauna a kan motar. Sai na tada ta, na fito da ita ƙofar gida a hankali, na aika a kira mai gyara, na koma gidana in ɗora tukunya. Ashe a ranar ce maƙwabcinmu ya kawo mai fenti ya fesa wa sabon ƙyaurensa na ƙarfe farin fenti da injin feshi. Iska kuwa wajenmu ta nufo.

Da na dawo bayan la'asar na ɗauka ƙura ce. Na ɗebo ruwa na wanke, ta bushe, abin yana nan. Na shafa da hannu na ji kamar an barbaɗa tsaki ya kama. Kafo, rufi, ƙofofin gefe guda, duk ɗigo-ɗigon fari ƙanana. Na je na yi wa mai fentin tas, ya yi ta ba da haƙuri, amma haƙurinsa bai cire ko ɗigo ɗaya ba.

Inna ta ce a goga kananzir. Na ce mata in kananzir ya ci fentin, ni da ita sai mu nemi garin da za mu koma. Muka mayar da motar ƙarƙashin rumfar da aka gyara, na lulluɓe ta da tsofaffin zannuwa kamar mai zazzaɓi.

Washegari na tafi wajen wani mai sayar da kayan mota kusa da tasha, wanda ya san Baba ya kuma san motar. Da na gama bayani ya riƙe haɓa.

"Motar Alhaji? Malama, kin shiga uku."

"Na sani. Magani na zo nema, ba jaje ba."

Ya shiga ciki ya fito da wasu curi uku a naɗe cikin leda, kowanne bai fi sabulun wanka ba: shuɗi, fari, da ja. Ya ce lakar mota ake ce musu, daga Maradi yake saro su. Ba lakar tukwane ba ce, in ka matsa ta kamar cingam take. Ana jiƙa jikin motar da ruwan sabulu sosai, a fyaɗa lakar ta yi faɗi, a riƙa goga ta a hankali, ita kuma tana tsinke duk abin da ya manne a saman fenti.

"To wacce zan ɗauka?"

"Shuɗiyar taushi gare ta, ba ta cika ɓata fenti ba, amma raguwa ce. Farar tsaka-tsaki. Jar kuwa ba ta da kunya, komai ta tarar sai ta ɗauke. Sai dai takan bar zane-zane, baƙar mota kuma ba ta ɓoye komai."

"Zanen yana fita?"

"Da injin goge fenti, e. Nan ban san mai shi ba, sai Maradi." Ya ƙara da cewa duk wadda ta faɗi ƙasa in jefar da ita, kada in ce zan wanke, don ƙwayar yashi ɗaya in ta shige ciki ta isa ta yi wa mota tsage. Na kalle shi. A Tasawa yake gaya mini in yi hankali da yashi, garin da yashi ke shiga har cikin tuwo.

Na kwaso duka ukun. Na shimfiɗa tabarmi kewaye da motar, na rataye zannuwa ta inda iska ke shigowa, na hana kowa shara a tsakar gida. Na fara gwaji a ƙasan ƙofar baya, inda ido bai cika zuwa ba.

Shuɗiyar ta yi ta zamewa a kan ruwan sabulu, sulul-sulul, ba ta tsinana komai ba. Na goga har kafaɗata ta ƙage, wurin da ya fita bai fi tafin hannu ba. Fentin bai ji ciwo ba kam, amma da wannan tafiyar sai an yi girbi ban gama ƙofa ɗaya ba. Farar ta fi ta zuciya. Ina ji tana kartar ɗigon, ƙarar tana raguwa, har wurin ya yi santsi. Na haska da fitilar salula, na ga ɗan hazo kaɗan wanda sai an ƙura ido. Na ce to, ke ce tawa. Na gama ƙofar baya da ita, na kama ta gaba. Hannuna duk sabulu ne, ban san yadda aka yi ba ta suɓuce, ta gangara, ta tsallake tabarmar kamar an aike ta, ta kwanta cikin yashi.

Na daɗe ina kallonta. Na ɗauka, na juya ta, zuciyata tana ce mini wanke ta kawai, wa zai sani. Na jefa ta bayan katanga don kar in sake shawara. Na kira mai kayan mota, ya ce ita ce ta ƙarshe, sai wani ya je Maradi.

Da yamma Baba ya kira Inna ya ce gobe yana hanya.

Na kasa cin abinci. Saura shuɗiya da ja, ga kafo da rufi ban taɓa ba. In na bar ɗigon, Baba zai gani tun daga zaure. In na sa jar, wataƙila in tsira, wataƙila in ƙara ɓata abin. Da sassafe na gwada jar a gefen kafo, na goge, na duba. A inuwar rumfa ban ga aibu ba. Wallahi aikinta daɗi gare shi, shafa biyu uku wurin ya zama sumul. Na yi bisimilla na bi kafon duka, na ƙarasa ƙofar gaba, na hau kujera na bi rufin, ina ninke lakar ina ƙara ruwa yadda aka ce. Kafin hantsi ya ɗaga babu ɗigo ko ɗaya. Har na fara yi wa Inna baki, ina cewa ta zo ta ga aikin ɗiyarta.

Sai na ce bari in gan ta a rana. Na ja ta baya zuwa tsakiyar gida.

Duk inda jar ta bi, baƙin ya dusashe ya koma toka-toka, ga zane sirara birjik suna kewaya hasken rana kamar saƙar gizo-gizo. In ka shafa ba ka jin komai. In ka kalla kuwa, ko yaro ya san an yi ɓarna. Na sake wankewa, na goge da tsumma mai laushi, na shafa man da Baba ke shafa mata. Zanen yana nan.

Inna ta ce in mayar da ita inuwa, wataƙila ba zai lura ba sai an kwana biyu. Na ce a'a. Ina da tsoro amma ba ni da haƙurin jira, gara a yi ta ta ƙare. Na bar ta a tsakiyar rana, na zauna a kan turmi da makulli a hannu. Duk sallamar da aka yi a zaure sai na miƙe.

Gab da azahar ya shigo. Muka gaisa, muka yi masa ya hanya da ya ƙarin haƙuri. Bai ko zauna ba ya nufi motar. Ya ɗora tafinsa a kan kafon, ya ja shi a hankali har gilashi, ya zagaya ya shafa ƙofa.

"Wa ya wanke ta?"

"Ni ce, Baba."

"Madalla. Rabon da ta yi kyau haka tun ranar da na saye ta."

Na ɗauka gatse ne. Na tsaya ina jiran sauran, sauran bai zo ba. Fuskarsa a sake take.

"Baba, dubi kafon da kyau," na ce.

Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ƙarfen. Rana tana dukan wurin, zanen yana ƙyalli a ƙarƙashin hancinsa. Ya sake shafawa.

"Me ya same shi? Sumul yake."

Na juya wajen Inna. Tana bakin madafa, da muka haɗa ido sai ta sunkuyar da kai ta koma ciki. A nan na gane idon Baba ya soma tafiya, ita kuwa ta riga ni sani, kuma ba yau ba.

Na miƙa masa makullin. Ya miƙo hannu, hannun ya wuce ta gefe ya kama iska. Ya tsaya haka ɗan lokaci, sannan ya mayar da hannun aljihu.

"Riƙe shi wurinki," in ji shi, ƙasa-ƙasa. "Ranar kasuwar Mayahi ina da zuwa. Ke za ki kai ni, Uwata."

Shekara da shekaru ina jiran wannan magana, da ta zo kuwa da na san inda zan mayar da ita da na mayar. Na shiga ɗakin Inna na yi kukana a can, don kar ya ji.

Ranar kasuwar muka kama hanya da safe. Yana gefena, ya miƙe zaune, hannunsa a kan gwiwa. Da kunne yake bin injin, yana gaya mini lokacin canja giya kafin ni in ji. Rana tana haska zanen kafon a cikin idona duk tsawon hanyar. Da muka wuce wani ƙauye sai ya ɗaga yatsa.

"Sassauta, akwai babban rami nan gaba, ki bi ta dama."

Na duba. An daɗe da cike ramin, har ciyawa ta fito a gefensa. Na sassauta, na bi ta dama.