Shinkafar da Aka Kawo Bayan Rasuwar Yaya Idi

Daminar bana ta cika shekara bakwai da muka rufe yayana Idi a Birnin Lalle. Mutane na cewa lokaci na sanyaya zuciya. Tawa dai ba ta huce ba, kuma na daina yi wa kowa ƙaryar ta huce.

Yaya Idi maginin rijiya ne. Tun yana saurayi yake shiga rami da igiya a ƙugu, yana ciccibar siminti da duwatsu, har gwaiwa ta kama shi. Ya ɓoye ta shekaru, yana ɗaure mara da rawani ya tafi aiki, don kunya da kuma sanin abin da ke aljihunsa. Wata ranar Talata, hatsi na cikin bununi, rumbunan kowa wayam, ya faɗi a gona yana amai. Muka ɗora shi a amalanke zuwa Dakoro. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya taɓa cikin sau ɗaya ya ce hanji ya shaƙe, sai an yi masa fiɗa a Maraɗi, kuma yau, ba gobe ba.

Daga nan aka fara lissafin talaka: man ambilans, kayan aiki, jini, ordonans, wato takardar magani mai tsawo da za a kai farmasi. Matarsa Rabi ta sayar da akuyoyinta a farashin wulaƙanci, don dillalai sun ga ido ja. Kuɗin bai kai ba. Sai na nufi gidan wani Alhaji, ɗan kasuwar dabbobi, wanda Yaya ya gina wa rijiyoyin garkensa tun daga Ɗan Gulbi har arewa. Na tarar da shi bisa darduma, ana zuba masa shayi. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ayya, Idi namu! Allah ya ba shi lafiya," in ji shi. "Amma ka san kasuwa ta mutu bana. Ka dawo bayan Juma'a mu gani."

Na ce, "Alhaji, likita ya ce ba zai kai Juma'a ba."

Ya ce, "Kai yaro, likita ne ke riƙe da rai?"

Sai da muka yi kwana biyu muna bin gidaje kafin mu haɗa abin da ake nema. Likitocin Maraɗi sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Da suka buɗe, hanjin ya riga ya ruɓe. Bai farfaɗo ba.

Ranar sadakar uku, mota ta tsaya ƙofar gidanmu. Buhunan shinkafa, jarkar mai, da rago mai ƙaho, duk daga Alhaji. Kuɗin ragon kaɗai ya isa ya biya fiɗar. Alhaji ya zauna a sahun gaba yana share ido, malamai na yi masa addu'a da sunansa. Rabi na cikin takaba ta aiko a kira ni, ta ce ta bayan zana, "Wannan shinkafa kar ta shiga tukunyata." Ba ta shiga ba. Maƙwabta suka dafa.

Yau abubuwa sun sake, ban musa ba. Ƙungiyoyin agaji da masu hali kan kawo likitoci su yi wa marasa galihu fiɗa kyauta, kuma na san mutanen da ke tafiya da ƙafafunsu saboda haka. Allah ya saka musu. Amma da Yaya zai leƙo ya ga yadda ake tsayar da dattijo, ɗinki bai warke ba, a ɗauke shi hoto kusa da mai kyauta a watsa a wayoyi, na san abin da zai ce: shi da ya ɓoye ciwonsa ga uwar da ta haife shi, a kan wannan zai tsaya? Sannan taimakon na zuwa ne lokacin da ya yi wa masu bayarwa daidai, bayan girbi ko gab da azumi. Hanjin da ya shaƙe a tsakiyar damina ba ya jiran kalandar kowa.

Laifin ma ba na baƙi ba ne, namu ne. Mun iya zaman makoki, mun iya yanka, mun iya cika tabarma. Mai numfashi ne ba mu iya ba.

Bara aka ce matar ladaninmu haihuwa ta zo mata da gardama, sai an kai ta Maraɗi an ciro ɗan. Bayan sallar la'asar mutane suka fara "Allah ya sauwaƙe" suna neman takalmansu. Ni da ban taɓa magana a masallaci ba, na tare ƙofa na ce, "Duk wanda ya san zai kawo wani abu ranar gaisuwarta, ya kawo shi yanzu." Wasu sun ji haushi, wani ya ce na yi wa baiwar Allah mugun baki. Amma kafin magariba mota ta tashi. Tana nan da ranta, ɗanta har ya fara rarrafe.

Yaya bai bar gida na siminti ba, bai bar garke ba. Abin da ya bar mini shi ne wannan rashin kunya ta tare ƙofar masallaci, kuma in Allah ya yarda ba zan warke daga gare ta ba.