Garwashi a Gidan Mai

Jama'a, yau ƙamshi ne ya cece mu, alhamdulillah!

Na hau motar Mai'adua daga Daura. Direba ya tsaya shan mai. Mai zuba man ya ɗauko tiyo ke nan, sai ya tsaya cak: "Wa ke turaren wuta a nan?"

Ashe wata dattijuwa ce kusa da ni, ta ɓoye kasko da garwashi jajir a ƙarƙashin mayafinta! Wai gidan suna za ta, ba ta gama turara kayanta ba.

Nan take mai zuba man ya fasa ruwan leda a kaskon. Cuuu!

Ta ce, "Ɗan nan, yanzu da warin fetur zan shiga cikin mata?"

Ya ce, "Iya, gara warin fetur da turaren likkafani."