Bulo Dubu Shida a Fili

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga bulon ƙasa, kuma duk bulon da ya fito daga akwatin katakonsa sai ya danna masa babban yatsa a tsakiya. Shi ya sa ake ce masa Mai Yatsa. Bai taɓa sayen tampol na rufe bulo ba, ya ce kayan ragwaye ne. Ubansa ya koya masa cewa da zarar bishiyar bakin fili ta kakkaɓe ganyenta, wata huɗu cur ba za a ga ɗigon ruwa ba. Taurin kai kuwa, Allah ya ba shi har da na kyauta.

Bara ambaliya ta cinye ramin da yake haƙar ƙasa. Ma'aikatansa huɗu suka watse, ya rage daga shi sai ƙaninsa da matarsa. Magina duk sun koma siminti. Ɗan kwangila guda ne ya saura, mai gina layin shaguna a bakin titi.

"Dubu shida, ranar Asabar ta uku," in ji ɗan kwangilar. "In ka saɓa, ni ma na tafi, ba kuma dawowa."

Suka duƙufa. Matar na jido ruwa, ƙanin na kwaɓa, shi yana bugawa har bayansa ya daina miƙewa.

"Yaya, mu nemo tampol ko na aro ne," in ji ƙanin. "Sararin nan ya daina jin maganar Baba."

"Kai dai matsoraci ne tun kana goye. Dubi bishiya, tsirara take."

Gaskiyarsa, tsirara take. Amma ran Laraba da azahar, saura kwana uku, iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin. Suka ruga da tabarmi, da buhuna, matar har da zanin gado. Mai Yatsa ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa ya kifa a kan layin bulo guda. Me wannan zai rufe a cikin dubu shida?

Ruwan bai fi rabin awa ba. Ramin yatsan nan nasa shi ya fara cika, ruwa ya zauna a ciki, kowane bulo ya riƙa narkewa daga tsakiya. Yana tsaye yana kallo, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don bai iya wata sana'a ba, kuma ba shi da wata bishiyar da zai tambaya.

Ran Asabar ɗan kwangila ya zo, bai ko kashe mota ba. Ƙanin ya wanke ƙafa, ya leƙa ta tagar motar.

"Ranka ya daɗe, wurin masu siminti suna neman hannu?"

Aka ce ya hau baya. Ya hau, bai yarda sun haɗa ido da yayansa ba.

Matar ta tsamo akwatin katakon daga laka, ta miƙa wa mijinta. "Maigida, gobe in jido ruwa?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya ɗaga kai ya dubi sama tukuna.